Takardar Huɗu ga Maris

Ranar Litinin, ashirin da huɗu ga Maris, Bong Nari ta zo aiki ta tarar an fitar da teburinta daga ɗakin tufafi. An kai shi lungun da ke tsakanin banɗaki da injin ruwan sha, an juya fuskarsa ga bango. Babu kwamfuta a kai, babu waya, babu ko allura. Kwana goma na aiki ta yi a wurin, daga tara na safe zuwa shida na yamma, tana kallon fenti. Ma'aikata goma sha tara ne a kamfanin. Kowannensu yana shan ruwa, kowannensu yana shiga banɗaki, amma da aka zo bincike ba a samu mutum ɗaya da ya tuna ya gan ta ba. Ranar huɗu ga Afrilu aka sallame ta.

Mako guda kafin a fitar da teburin ta miƙa wa kamfanin rubutaccen ƙorafi a kan Tak Dohan, jarumin fim ɗin da ta yi shekara shida tana shirya wa tufafi. Kamfanin na yayarsa ne, kuma shi kaɗai ne hajar da suke sayarwa.

A tsakiyar Mayu fayil ɗin ƙarar da ta kai hukuma ya iso teburin Sufeto Pyo Hae-suk ta ofishin ƙwadago. Shekararta ashirin da biyu a aikin. Abokan aikinta kan ce ita ba mutum take bi ba, sawun takarda take bi, domin mutum yana iya sauya magana sau goma kafin azahar, takarda kuwa abin da aka sa mata shi za ta riƙe har ta ruɓe.

*

Sun haɗu da Nari a wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Mangwon da ke Seoul, bayan masu cin rana sun watse. Nari ta zo da hula da takunkumin fuska, ta zaɓi kujerar da ke bai wa ƙofa baya. Masoyan jarumin sun gano gidan mahaifiyarta tun a Afrilu, kuma kamfanoni huɗu da ta nemi aiki sun daina ɗaga wayarta. Kamfanin da ya sallame ta kuma ya kai ta ƙarar ɓata suna.

"Ki ci tukuna," in ji Pyo. "Ba na ɗaukar bayani daga mai jin yunwa. Yakan ƙara gishiri."

Nari ta sauke takunkumin, ta juya cokali a cikin miya, ba ta kai baki ba.

"Shekara shida bai taɓa kiran sunana ba, Sufeto. Hanga yake ce min, abin rataye riga. Ke, Hanga, kawo rigar. Na girme shi da shekara huɗu, amma maganar da ake yi wa yara yake min a gaban kowa. Na jure wannan. A watan Fabrairu muna ɗaukar fim a bakin teku, ya ce igiyar takalminsa ba ta dace da wandon ba. Na durƙusa zan sauya. Sai ya ɗora ƙafarsa a gwiwata ya ɗauki waya. Minti ashirin yana hira da abokinsa. Mutum arba'in suna tsaye."

"Akwai wanda ya yi magana?"

"Mai ɗaukar sauti ya yi tari."

Pyo ta rubuta, ta ajiye biro.

"Bari in faɗa miki yadda dokar take, don kada ki sa rai a inda babu. Abin da ya yi miki, in ya tabbata, cin zarafi ne a wurin aiki. Yana sama da ke, ya wuce abin da aiki ya buƙata, kuma ya cutar da ke. Waɗannan ukun ake nema. Amma dokar ƙwadago ba ta ɗaure mutum a kan wannan. Tunda ƙanen mai kamfani ne, iyakar abin da zai same shi tara ce. Abin da take ɗaurewa a kai shi ne wanda ya biyo baya. Ma'aikaci ya kai ƙara, aka hukunta shi don ya kai ƙara. Wannan laifi ne, yana iya kaiwa shekara uku a gidan yari."

"To ai shi suka yi min."

"Sun ce ba shi suka yi ba."

Ta zaro kwafin takarda daga jaka ta tura mata. Shafi ɗaya ne. Yana cewa saboda sakaci da aiki, an yanke shawarar janye Bong Nari daga sashen tufafi, a sallame ta cikin wata guda. A sama akwai akwatunan amincewa uku kamar na kowace takardar ofis, magatakarda da darakta da shugaba, kowanne da jan hatiminsa a ciki. Kwanan watan shi ne huɗu ga Maris.

"Ke kin kai ƙorafi sha bakwai ga wata," in ji Pyo. "In wannan takarda gaskiya ce, sun gama da ke kwana goma sha uku kafin ki buɗe baki. Ke nan ba ramuwa ba ce. Lauyansu zai ce kin ji ƙishin-ƙishin ɗin kora ne kika ƙago ƙorafi, kuma ƙarar ɓata suna da suka kai ki ta samu ƙafar tsayawa. Duk shari'ar nan tambaya ɗaya ce: wanne ya riga wanne."

Nari ta daɗe tana kallon shafin.

"Huɗu ga Maris muna Busan. Manaja Gil, mai hatimin tsakiyar nan, yana tare da mu. Da idona na gan shi yana cin abincin safe. Ta yaya zai buga hatimi a Seoul?"

Pyo ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Shi ne sawu na farko da ta samu.

*

Kamfanin yana hawa na biyar na wani gini a unguwar Nonhyeon. Pyo ta yi kwana biyu tana kiran ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin taro. Mai kwalliya ta ce ba ta lura ba, aiki ya yi mata yawa. Direba ya ce bai lura ba, aiki ya yi masa yawa. Da mutum na bakwai ya faɗi haka, Pyo ta tambaye shi ko wanda ya koya musu karatun ya ba su hutun rabin lokaci. Bai yi dariya ba. Ya dubi ƙofa.

Ta gilashin ɗakin tana ganin sauran. Babu mai ɗaga kai, amma duk wanda ya fito daga wurinta sai idanu su raka shi har kujerarsa, ana auna minti nawa ya yi a ciki.

Shugabar kamfanin, Tak Mi-ok, mace ce mai magana a hankali, wadda ta sayar da shagonta na gyaran gashi ta ɗora ƙanenta a hanya tun yana ɗan shekara ashirin da biyar.

"Mu iyali ne a nan, Sufeto. Abin da yarinyar nan ta yi mana, ko maƙiyi sai haka."

"Shekararta talatin da takwas."

"A wurina duk yara ne."

"Kwamfutar da aka buga takardar fa?"

"Mun sauya dukkan kwamfutoci a ƙarshen Afrilu. Sun tsufa."

"Tsoffin suna ina?"

"Masu gwangwan sun kwashe."

Daga nan aka kira Gil Sang-u, mai kula da ma'aikata. Mutum ne mai sanƙo da ƙyallin takalmi, ya shigo da ambulan a hannu tun kafin a tambaye shi komai. Tare da shi wata dattijuwa ta shigo da tiren shayin sha'ir. Ita ce Madam Eom, magatakardar kamfanin, mai hatimi na farko a takardar.

Pyo tana duba bayanin Nari ta ce, "Manaja Gil, an ce ranar huɗu ga Maris kana Busan."

"Darakta ne," in ji Madam Eom, murya ƙasa-ƙasa, tana ajiye kofi.

"A gafarce ni. Darakta Gil."

Gil ya ɗaga hannu kamar mai yafe babban laifi. Ya buɗe ambulan. Tikitin jirgin ƙasa ne daga Busan, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Sai takardar na'urar ƙofa, wadda ta nuna katinsa ya buɗe ofis ƙarfe uku saura minti ashirin.

"Na ci abincin safe a Busan, gaskiya ne. Na sha shayin yamma a nan. Ko doka ta hana mutum hawa jirgi?"

Pyo ta kai tikitin tashar jirgi ta tabbatar. Na gaske ne. Ta nemi hotunan kyamarar ginin, aka ce ba a ajiye su fiye da kwana talatin. Ta tambayi masu gwajin takardu ko za a iya sanin ranar da aka buga jan hatimi, suka ce tsakanin wata ɗaya da wata biyu ko boka ba zai rantse ba. Sawun ya shiga ruwa.

*

Tak Dohan ya karɓe ta a ɗakin ɗaukar hoto, sanye da farar riga ta tallar sabulun fuska. Ya miƙe, ya sunkuya sosai, ya miƙa mata kofi da hannu biyu. Pyo ta lura cewa ya zaɓi inda mai ɗaukar hoto zai iya ganinsa.

"Abin ya dame ni ƙwarai, Sufeto. Nara tamkar yaya take a wurina."

"Nari."

"Nari, i. Suɓutar baki ce." Ya yi murmushin nan nasa na tallar da ke jikin motocin haya. "Maganar Hanga wasa ne. A wurin ɗauka kowa da sunan da ake tsokanarsa da shi. Ni ma suna ce min Yarima."

"Ita ta taɓa tsokanarka?"

Ya ɗaga ido sama kamar mai neman layin da ya manta.

"Takalmin fa?"

"Wayar darektan fim ce ta shigo. Ban ma san ƙafata tana wurin ba. Da ta yi magana ai da na ɗauke."

"Ta ce abokinka ne."

"Darektan abokina ne."

"Yaushe ka san za a sallame ta?"

"Ni da takarda? Ko kuɗin wutar gidana ban san yadda ake biya ba. Ki tambayi Yaya. Ita ke riƙe komai."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Sunansa ba ya kan ko shafi ɗaya na fayil ɗin, sai a bakin Nari.

*

Farkon Yuni wa'adin binciken ya kusa cika. Pyo ta riga ta rubuta rabin rahoton, kuma ba ta son abin da yake cewa: babu isasshiyar hujjar ramuwa. Ta san abin da zai biyo bayan wannan jimla. Jaridun nishaɗi za su buga ta da manyan baƙaƙe kafin yamma, Nari kuma za ta shiga kotu a matsayin wadda ake tuhuma.

Ranar Laraba ta koma kamfanin mayar da wasu takardun da ta ara. Lokacin cin rana ne, ofis ya yi wayam. Ƙofar ofishin Gil a buɗe take. Madam Eom tana ciki ita kaɗai, tana goge ganyen furanni da ɗanyen ƙyalle, ganye ɗaya bayan ɗaya. Tukwane shida ne jere a bakin taga, irin waɗanda ake aika wa wanda aka ƙara wa girma, kowacce da zirin ƙyallenta mai rubutun taya murna.

"Kin iya riƙon fure, Madam Eom. Nawa ba sa kai mako uku."

Fuskar dattijuwar ta ɗan saki. "Ruwa ne ke kashe su. Mutane suna zuba musu kamar shinkafa. Waɗannan tun ɗaya ga Afrilu suke nan, ko ɗaya bai yi yaushi ba."

Pyo ta kama zirin da ke kusa da ita ta karanta. Muna taya Darakta Gil Sang-u murnar sabon muƙami.

Ta saki zirin a hankali. Takardar huɗu ga Maris tana cikin jakarta, amma ba ta buƙatar fito da ita. Ta karanta ta ya fi sau hamsin. Kullum idonta kan kwanan wata yake, da jan hatimin, da dalilin kora. Ba ta taɓa tsayawa a kan ƙananan baƙaƙen da ke saman akwatin tsakiya ba, domin tun ranar da ta fara ganin mutumin Darakta ake ce masa.

"Kafin ɗaya ga Afrilu wa ke riƙe da muƙamin?"

"Babu kowa. Kamfanin bai taɓa yin darakta ba sai shi."

"Madam Eom, ki taimaka min da takardun neman hutu na watan Maris. Da na hayar mota. Duk wata ƙaramar takarda da ta bi ta hannunki aka buga mata hatimi."

"Na hutu? Me za ki yi da su?"

"Cike fayil. Kin san mu da son tara takardu."

Madam Eom ta linke ƙyallen, ta tafi wurin kabad. Ta jawo aljihun, ta sa hannu, sai ta tsaya. Pyo tana ganin bayanta kawai. Ta kai minti guda a haka. Sannan ta zaro fayil ɗin gaba ɗaya ta kawo, ba ta cire ko shafi ɗaya ba.

*

Ranar Juma'a ƙarfe ɗaya aka taru a ɗakin taro. Tak Mi-ok ta zauna a ƙarshen tebur, lauyan kamfanin a damanta, Gil a hagunta. Dohan ya zo da baƙin tabarau, ya zauna can gefe yana latsa waya. Nari tana kusa da Pyo, hannayenta a ƙarƙashin tebur. Madam Eom ta kawo shayi za ta fita, Pyo ta ce ta zauna.

"Ba zan ɗauki lokacinku ba," in ji Pyo. Ta ajiye takardar korar a tsakiya. "Darakta Gil, wannan hatiminka ne?"

"Nawa ne."

"Ka karanta kafin ka buga?"

"Ba na buga abin da ban karanta ba. Sau biyu ma."

"Ranar huɗu ga Maris."

"Na riga na nuna miki tikiti."

"Ka nuna. Karanta min abin da ke saman akwatinka."

Gil ya jawo takardar, ya gyara tabarau. "Darakta," in ji shi, da muryar mai faɗin sunansa.

"Yaushe ka zama darakta?"

Lauyan ne ya fara fahimta. Ya ajiye bironsa.

Pyo ta fara jera takardu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shanya kifi. "Neman hutun direba, huɗu ga Maris, rana ɗaya da waccan. Manaja. Hayar mota, goma sha ɗaya ga Maris. Manaja. Sayen tawul, ashirin da takwas ga Maris. Manaja. Takardu goma sha huɗu ne a watan, hannu ɗaya ya buga su. Goma sha uku suna cewa manaja. Ɗaya ce kawai ta san abin da zai faru a Afrilu."

"Kuskuren bugu ne," in ji lauyan.

"Na ga kuskuren bugu da yawa, Lauya. Ban taɓa ganin wanda ya san gaibu ba."

Tak Mi-ok ta gyara zama. "Tun Fabrairu na yanke shawarar ƙara masa girma. Kowa a nan ya sani. Wataƙila Madam Eom ta yi azarɓaɓi ne."

"Ta yi azarɓaɓi da rana, ta dawo hayyacinta da yamma ta rubuta manaja a takardar direba?" Pyo ta juya. "Madam Eom, yaushe kika buga wannan shafi?"

Dattijuwar tana kallon tiren da ke cinyarta.

"Madam Eom," in ji Tak Mi-ok, a tausashe, "ki tuna shekara nawa kike cin shinkafar gidan nan."

"Tara, Shugaba. Ban manta ba."

"To ki yi magana da hankali."

Madam Eom ta ɗora tiren a tebur. Da ta fara magana, Pyo take kallo, ba kowa ba.

"Ashirin da ɗaya ga Afrilu ne. Ranar da wasiƙar ofishinku ta iso. Darakta ya tsaya a bayana yana faɗa ina bugawa. Ya ce in sa huɗu ga Maris, na sa. Da na zo kan akwatinsa, na san abin da ya kamata in rubuta. Na sani sarai. Amma shekarata talatin da ɗaya ina aikin ofis, Sufeto, ban taɓa rage wa na gaba da ni girma a takarda ba. Mako uku da ƙarin girmansa, ga furanninsa a taga, ga shi tsaye a kaina yana kallon allo. In buga masa manaja? Hannuna bai iya ba. Na ce in bai yi ba zai gyara min. Ya karanta sau biyu, ya ce ya yi kyau."

Sanƙon Gil ya yi ja har wuya.

"Wawa," in ji Tak Mi-ok, ba tare da ta dube shi ba.

"Ke ma kin karanta, Shugaba," in ji Gil. "Hatiminki na kusa da nawa."

Lauyan ya ce kada kowa ya ƙara cewa komai.

Dohan ya sauke wayarsa. "Yaya, ni zan iya tafiya? Ina da ɗauka ƙarfe uku."

Ya miƙe, ya sunkuya wa Pyo daidai yadda ya kamata, ya fita. Bai dubi ɓangaren da Nari take ba.

*

A kan matakala Nari ta tsaya ta riƙe ƙarfen gefe.

"Shi ke nan, Sufeto?"

"Fayil zai tafi wurin mai gabatar da ƙara da sunaye biyu, Tak Mi-ok da Gil Sang-u. Ramuwa a kan mai ƙorafi, ga kuma takardar da suka ƙirƙira suka kawo mana. Ƙarar da suka kai ki ba ta da sauran abin dogara. Ina jin lauyansu zai kira ki kafin Litinin. Kada ki sa hannu a komai sai naki lauyan ya gani."

"Shi fa?"

"Zan rubuta abin da ya yi. In aka yarda da ni, tara ce."

"Tara." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Kuɗin takalmi ɗaya."

"Na faɗa miki tun a Mangwon."

"Kin faɗa." Ta jawo takunkuminta daga aljihu, ta juya shi a hannu. "Kamfanonin da suka daina ɗaga wayata, za su ɗaga yanzu?"

"Wannan babu shi a doka."

Nari ta gyaɗa kai. Ta sauka taki biyu ta waigo. "Madam Eom fa? Saura mata shekara biyu ta yi ritaya. Ba za su bar ta ta kai Litinin ba."

Pyo ta riga ta juya tana hawa.

*

Ofis ɗin ya yi shiru irin na gidan da aka yi rasuwa. Kowa ya dasa ido a allonsa. Ƙofar shugaba a rufe take, amma ta gilashi ana ganin Tak Mi-ok tsaye tana magana, Gil kuma ya zauna gaban kwamfutarta. Madam Eom tana ƙaramin kicin tana wanke kofuna.

"Bar kofunan nan," in ji Pyo. "Zo ki zauna."

Ta zauna tana goge hannu a siket.

"Zan rubuta cewa sa ki aka yi, kuma ke kika faɗi gaskiya. Wannan zai taimake ki a wurin mai gabatar da ƙara. Amma ba zai riƙe miki aikinki ba. Layin dokar da ya kare Nari mutum biyu ya ambata, wanda aka zalunta da wanda ya kai ƙorafi. Bai ambaci mai ba da shaida ba. A yanzu haka ke ba ki cikinsu."

"To ya zan yi? Ni ban iya rigima ba."

"Na gaba da ke ya tsaya a kanki ya sa ki buga ƙarya. Yau kuma an yi miki barazana da shinkafarki a gaban mutum shida. Wannan ƙorafi ne. Ki rubuta shi, ki sa hatiminki, ki miƙa wa kamfanin ina tsaye. Daga wannan minti duk abin da suka yi miki ya zo a baya."

"In kai ƙarar Darakta? A rubuce?"

"Ki kira shi da cikakken muƙaminsa in kina so. Doka ba ta hana ba."

Madam Eom ta leƙa ta ƙofar kicin. Daga nan ana hango Gil ya duƙa a kan allon bugu, yana neman baƙaƙe.

"Takardata yake bugawa, ko?"

"Ina jin haka."

"Bai san inda fom ɗin sallama yake ba. Ni ke ajiye su." Ta faɗi haka ba da alfahari ba, kamar mai jin tausayinsa. Pyo ta yago shafi daga littafinta, ta ɗora biro a kai. Dattijuwar ta daɗe tana kallon farar takardar kafin ta ɗauka. Rubutunta ƙanana ne, a miƙe kamar an ja da rula. Layi shida ta yi. Da ta zo ƙasan shafin sai ta ɗaga kai.

"Wane kwanan wata zan sa?"

"Na yau. Ki sa har da lokaci."

Madam Eom ta dubi agogon bango, ta rubuta ƙarfe biyu da minti goma. Ta zaro hatiminta daga aljihu, ta hura masa iska, ta danna. A can bayan gilashi Gil yana kan layi na farko, da yatsa biyu.